Da Ruwan Ciki A Kan Ja Na Rijiya

A ƙasar Damargu, idan malaman makaranta suka haɗu, akwai zance biyu da ba sa wuce su: abin da yara ke ci, da irin wasan da suke yi. Wani zai ce wannan ba aikin malami ba ne, shi aikinsa alli da allo. Amma malamin da ke tsaye gaban yara tun da safe ya fi kowa sanin wanda ya karya kumallo da wanda ya zo da ciki wofi. Ba sai ya tambaya ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi, wannan yana ɗaga hannu, wancan ya kifa kai bisa tebur.

Bakin malamai bai zo ɗaya ba a kan wannan magana. Ya kamata ƴan makaranta su ji abin da kowane ɓangare ke faɗi, gama maganar jikinsu ce ake yi.

Ƙasa da abincinta

Tenhiya ƙaramar hukuma ce cikin gundumar Tanut, a jihar Damagaram. Garin Tanut yana wajen kilomita 150 arewa da birnin Damagaram, bisa hanyar Agadas. Daga yamma akwai Belbeji, wadda da can tana cikin Tanut, har ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011.

Kudancin Damargu ƙasar gero ce. Tun zamanin ayari Abzinawa ke saukowa da gishiri da dabino, su koma da gero. Arewa kuwa, wajen Tenhiya, ƙasar kiwo ce. A shekarar 1961 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta shata iyakar noma, ta bar abin da ke arewa da ita ga makiyaya. Ruwan sama kaɗan ne, bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, kuma cikin wata uku yake sauka ya ɗauke. Saboda haka abincin yaron Tenhiya abu biyu ne: nonon dabbobin gidansu, da geron da aka sayo da kuɗin bisa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da damina ciyawa ta fito, shanu da raƙuma da awaki suna ba da nono har ya yi saura. Amma a lokacin makaranta tana rufe. Ana buɗe ta a watan Oktoba, a rufe a ƙarshen Yuni. Tun daga lokacin ɗari nono ke raguwa. Kafin Afrilu da Mayu, ciyawa ta ƙare, dabbobi sun rame, farashin gero ya hau a kasuwa, farashin bisa ya faɗi. A daidai wannan lokaci ne ake son yaro ya ƙara himma, don jarrabawa ta matso. Wato watannin da karatu ya fi nauyi su ne watannin da ƙwarya ta fi sauƙin ɗauka.

Ra'ayi na farko: ciyarwa aikin iyaye ne

Wasu malamai suna cewa ciyar da yaro nauyin ubansa ne da uwarsa. A ganinsu, idan makaranta ta ɗauki wannan nauyi, iyaye za su sake jiki, yara kuma su riƙa zuwa don tukunya, ranar da babu wuta a murhu su zauna gida. Suna kuma kukan cewa shugaban makaranta yana ɓata lokacinsa wajen auna hatsi da neman icce da ruwa, maimakon ya duba karatu.

Akwai gaskiya cikin wannan kuka. An sha ganin aji ya ragu ranar da buhu ya ƙare. Lissafin abinci kuma aiki ne mai cin lokaci. Sai dai masu wannan ra'ayi sun manta abu guda. Makiyayi ba ya zaune wuri ɗaya. Idan rijiya ta ƙafe, ko makiyaya ta ƙare, dole ya tashi da garkensa. Yana da hanya biyu: ko ya tafi da ɗansa, ko ya bar shi a makaranta. Ba zai bar shi ba sai ya tabbata yaron zai ci. Ashe a ƙasar kiwo, tukunyar makaranta ita ce ke riƙe ƙofar aji a buɗe.

Tarihi ya nuna haka. A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, garkuna da yawa sun ƙare a wannan yanki, mutane suka watse zuwa kudu da birane. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan damanar 2004, yunwa ta sake shigowa, haka kuma a 2010. A irin waɗannan shekaru mutane sun koma ga anza, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita. Uban da ya kai ga cin anza ba sakaci ya yi ba. Abin ne ya fi ƙarfinsa.

Ra'ayi na biyu: ciki kafin allo

Mafi yawan malaman karkara suna ganin cewa abinci yana cikin kayan karatu, kamar littafi da alƙalami. Hujjarsu mai ƙarfi ce, ilimin likita kuma yana bayansu.

Ƙwaƙwalwar babban mutum wajen kashi 2 ce cikin 100 na nauyin jikinsa, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonewa idan yana hutawa. Ta ƙaramin yaro tana cin fiye da haka, don tana kan girma. A yi lissafi: yaron da ya ci tuwo da ƙarfe 8 na dare, ya tashi bai ci kome ba, idan ƙarfe 10 na safe ta yi, awa 14 ke nan cikinsa bai ga abinci ba. Cikin waɗannan awoyi mai yiwuwa ya ɗebo ruwa, ya kora awaki, ya taka kilomita uku ko huɗu. Irin wannan yaro idan ya kasa lissafi, sau da yawa a kan ce daƙiƙi ne, alhali kuwa yunwa ce.

Akwai kuma tamowa mai daɗewa, wadda ke hana yaro tsawo. Binciken ƙasa na shekarar 2022 ya nuna cewa a Nijar wajen yara 47 cikin 100, ƴan ƙasa da shekara biyar, ba su kai tsawon shekarunsu ba. Waɗannan yaran ne ke shiga aji ɗaya bayan shekara biyu ko uku. Makaranta ba za ta mai da musu abin da ya wuce duka ba, amma tana iya hana abin ya ƙaru.

Shi ya sa gwamnati, tare da hukumar abinci ta duniya da ake ce wa PAM, ta daɗe tana kafa wuraren ciyar da yara a makarantu, waɗanda ake kira kantin, musamman a ƙasar makiyaya. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ma ta keɓe ranar 1 ga Maris ta kowace shekara don ciyar da ƴan makaranta, kuma a Yamai aka yi bikin farko a 2016. Malaman da ke kare tukunyar makaranta su ne ke da gaskiya mafi girma. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ƙoshi daban, gina jiki daban

Amma magana ba ta ƙare a nan ba. Malamai masu lura sun ga wani abu sabo. Yaron da ya saba da shinkafa da mai a makaranta, wani lokaci yana komawa gida ya raina fura. Kuɗin da aka ba shi kuwa, maimakon ya sayi ƙosai ko ƙuli-ƙuli ko cuku, sai ya sayi minti da biskit da ruwan leda mai launi. Yana jin kansa ɗan birni. Wannan kuskure ne babba, kuma gyaransa yana hannun makaranta.

Abinci kashi uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi: gero, dawa, shinkafa, mai. Akwai mai gina jiki: nono, cuku, nama, ƙwai, wake, gyaɗa, har da fara. Akwai mai kare jiki daga cuta: zogale, kuka, yakuwa, tafasa, kabewa, tumatir, magarya. Jiki yana son ukun duka. Wanda ya cika cikinsa da farar shinkafa zalla ya ƙoshi, amma bai ci abin da zai gina shi ba.

Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata. Yaron da jininsa ya yi ƙaranci yana saurin gajiya, cikin idonsa ya yi fari, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Nono abinci ne mai daraja, yana gina ƙashi da haƙori, sai dai sinadarin ƙarfe kaɗan ne a cikinsa. Saboda haka fura da nono tare sun fi kowane ɗayansu shi kaɗai. Kakanni ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun gano shi. Nonon raƙumi ma ya fi na saniya bitamin C, abin da ke da amfani ƙwarai a ƙasar da ɗanyen ganye da lemo suke da wuya.

Wasu ƙananan abubuwa uku kuma sun cancanci kowane ɗan makaranta ya riƙe su. Na ɗaya, dundumi, wato rashin gani da magariba, sau da yawa rashin bitamin A ne ke kawo shi. Hanta da man shanu da koren ganye da kabewa suna maganinsa. Na biyu, maƙoƙo yana zuwa daga rashin aidin, shi ya sa ake son a dafa abinci da gishiri mai aidin. Na uku, shayi mai kauri idan aka sha shi tare da abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. A ƙasar Tenhiya shayi abokin hira ne, ba mai raba manya da shi. Amma shayi ba karin kumallon yaro ba ne.

Game da sukari, hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Minti yana kashe yunwa na ɗan lokaci, ya bar haƙori da rami. Dabino guda biyar da ɗan cuku sun fi shi nesa ba kusa ba.

Tsabta ma tana cikin cin abinci. Madarar da aka tatso a tafasa ta kafin a sha, don ɗanyarta tana iya ɗauko tarin fuka da zazzaɓi mai daɗewa daga dabba marar lafiya. A wanke hannu da sabulu ko toka kafin a sa shi cikin ƙwarya. Yaro mai tsutsar ciki, abincinsa biyu ake rabawa, shi da tsutsa.

Wane hatsi za a zuba a tukunya?

Tun da haka ne, abin da ya dace shi ne tukunyar makaranta ta yi kama da ta gida. A ƙasar Barazil, dokar 2009 ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da ƴan makaranta a kashe su wajen ƙananan manoma. Damargu tana da abin da za ta yi koyi da shi a nan. Gero da wake suna fitowa daga gonakin kudu, wajen Gangara da Olelewa da Tarka. Nono da cuku suna arewa. Idan aka sayi hatsi da kaka, lokacin da tiya ke da araha, aka adana shi, manomi ya samu kasuwa, yaro ya ci abin da cikinsa ya sani. Inda akwai rijiya kusa, ɗan lambun zogale da yakuwa a bayan aji yana gyara miya, kuma darasi ne da kansa. Inda babu ruwan lambu, ƴan awakin makaranta suna iya maye gurbinsa. Ɗan makiyayi ba ya bukatar a koya masa yadda ake riƙe akuya.

Maganar wasa

A kan motsa jiki ma malamai sun rabu. Wasu suna cewa yaron daji ba ya bukatar darasin wasa. Wanda ya ja guga, ya bi raƙuma, ya yi tafiyar awa guda kafin ya iso, wane motsi kuma ya rage masa? Gara a ba wa lissafi wannan lokaci. Wasu kuma suna tsoron sa yaro mai yunwa gudu cikin rana.

Tsoron nan na biyu daidai ne. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Bai kamata a sa yara gudu da tsakar rana ba, kuma bai kamata a sa wanda bai karya ba. Lokacin wasa shi ne da sanyin safiya ko da la'asar, da randar ruwa a kusa. Amma wannan dalili ne na gyara lokaci. Ba dalili ba ne na soke wasa.

Hujja ta farko kuwa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Aiki da wasa ba ɗaya ba ne. Yarinyar da ta ɗauko jarka mai lita 20 ta ɗauki kilo 20 a kanta. Wannan yana gajiyar da wuya da baya, ba ya sa farin ciki. A wurin wasa kuwa dukan gaɓoɓi suna motsi, huhu yana buɗewa, yaro yana koyon bin doka, da jiran layinsa, da haƙuri idan an kayar da shi. Malamai da yawa sun lura cewa bayan hutun hantsi, yaran da suka yi guje-guje sun fi natsuwa a aji bisa waɗanda aka tsare a ciki. Hukumar lafiya ta duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar wajen minti 60 na motsa jiki sosai kowace rana.

Akwai kuma yaran da ba sa kiwo. A garin Tanut da Belbeji, wasu yara sun fara raba yininsu tsakanin bencin aji da kallon salula. Ba su yi yawa ba tukuna, amma malamai suna ganinsu. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Rashin kaya ba hujja ba ne. Langa ba ta bukatar kome sai ƙafa ɗaya da fili. Kokawa tana bukatar rairayi, Damargu kuwa ba ta rasa rairayi ba. Ga tsere, ga tsalle, ga ƙwallon tsumma, ga gaɗa ta ƴan mata. A wurin wasa ne kuma ɗan Bafillace da ɗan Ba'abzine da ɗan Bahaushe ke saurin jin harshen juna. Kokawar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, daga irin wannan fili take samun ƴan kokawarta. Isaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla a damben wasannin Olimfik na 1972 a Jamus, Abdul Razak Alfaga kuma ya kawo ta azurfa a wasan tekwando a 2016 a Barazil. Ba kowane yaro ne zai kai can ba, amma kowane yaro yana bukatar zuciya mai ƙarfi da ƙafa mai lafiya.

Rabon ƴan mata

A nan ne malamai, maza da mata, ya kamata su fi sa ido. Sau da yawa idan an tashi hutu, maza su cika fili, ƴan mata su koma gindin icce. Idan ana neman mai shara ko mai ɗebo wa kantin ruwa, su a kan kira. A gida kuma yarinya ce ke tashi da asuba wajen daka, wani lokaci ita ce ta ƙarshe wajen ci. Ga shi kuwa idan ta tasa, jikinta ya fi na namiji bukatar sinadarin ƙarfe. Adalci shi ne a raba aikin makaranta tsakanin maza da mata, a raba fili, a raba ƙwarya daidai.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma ta kawo abincin kantin a kan lokaci, tun kafin bazara ta tsananta, don buhun da ya iso a ƙarshen Yuni ya tarar da aji a rufe. Iyaye su taimaka da icce da ruwa da sa ido bisa rumbun makaranta, kuma ko kunu ne su ba yaro kafin ya fita. Malami ya duba fuskar yaro kafin ya tsawata masa, kuma kada ya mai da hana hutu ko hana abinci horo.

Ɗan makaranta ma yana da nasa rabo. Ya karya kumallo in akwai. Ya daraja fura da nono da miyar ganye. Ya zaɓi ƙosai ya bar minti. Ya wanke hannu, ya sha ruwa, ya fita fili idan an tashi hutu. Abin da ya koya kuma ya kai shi gida, ya faɗa wa innarsa da ladabi, don ƙannensa su amfana.

A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, bisa tunanin cewa yaro ya fi gane karatu idan an fara masa da harshen da ya tashi da shi. Abinci da wasa ma haka suke. Geron Damargu da nonon Tenhiya da langar bakin rijiya abubuwa ne da yaro ya sani tun yana ƙarami. Makarantar da ta gina a kansu za ta samu yara masu lafiya, kuma yaro mai lafiya shi ke jure zama gaban allo har ya ƙare karatunsa.

Tambayoyi

1. Don me watannin Afrilu da Mayu suka fi wuya ga ɗan makaranta a ƙasar kiwo?
2. Mene ne ra'ayin malaman da ke cewa ciyarwa aikin iyaye ne? Wace amsa aka ba su?
3. Ku faɗi kashi uku na abinci, ku ba da misali biyu na kowane kashi.
4. Don me fura da nono tare suka fi kowane ɗayansu shi kaɗai?
5. Mene ne bambancin aiki da wasa?

Aiki

a) Yarinya ta ci tuwo da ƙarfe 7 na dare, ba ta sake cin kome ba sai ƙarfe 12 na rana. Awa nawa ta yi ba ta ci ba?
b) Ku rubuta abin da kuka ci jiya, ku sa kowane abinci cikin kashinsa. Wane kashi ne ya yi ƙaranci?
c) Ku tambayi kakanninku irin wasannin da suka yi suna yara, ku rubuta dokokin wasa ɗaya da Hausa, sa'an nan ku gwada shi a filin makaranta.